Kafin Ki Ɗinka Farin Kaya: Yadda Ake Horar Da Nas A Bakin Gadon Mara Lafiya

Idan aka shiga ajin 'yammata a kowace sakandare aka ce kowacce ta faɗi abin da take son zama, da wuya a rasa masu cewa nas. In kika matsa musu da tambaya, wata za ta ce taimakon jama'a, wata kuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi, domin ita dai farin kayan nan ne da agogon ƙirji suka tafi da hankalinta. Ba laifi ba ne. Sai dai fa tela ma yana iya ba ki farin kaya cikin kwana biyu. Abin da ba ya iya ba ki shi ne abin da za mu tattauna yau.

Mu ɗauki garin Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai a masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, wanda ke kan hanyar da ta tashi daga Koko ta nufi Dabai. Ki ƙaddara mace ce a wani ƙauye na kewayen garin, naƙuda ta kama ta da tsakar dare cikin damina. Birnin Kebbi, inda Asibitin Tunawa da Sir Yahaya yake, tafiya ce mai nisa. Ko babban asibitin Zuru ma sai an samu abin hawa, sai kuma hanya ta yi lafiya. Saboda haka hannun farko da zai taɓa wannan baiwar Allah, galibi ba na likita ba ne, na nas ne ko ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya ta karkara. Idan hannun nan ya ƙware, alhamdu lillahi. Idan kuwa na 'yar koyo ne wadda ba wanda ya taɓa tsayawa a kanta ya gyara mata, to sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne. Ashe kin ga maganar ba ta ado ba ce.

Gajeriyar Hanya

Akwai wata hanya da ta yi yawa a garuruwanmu, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yarinya ta gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, ko ya yi kyau amma ba kuɗi. Sai wata ƙawar Inna ta ce, "Haba Yaya, ki kawo ta wajen mai kemis ɗin nan mana, shekara ɗaya ta iya allura." A biya kuɗi, ta yi ta share shago tana miƙo magani, ta koyi huda jijiya da ɗaura ƙarin ruwa. Ranar yaye a yi anko a ɗauki hoto, daga nan unguwa duk ta koma kiranta Sista.

To ki sani, 'yar uwa, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1979, ba ta yi wa irin wannan rajista, ba ta kuma ba ta lasisi. Ranar da aka samu akasi, ba takardar da za ta kare ta. Akasin kuwa yana samuwa. Allurar ɗuwawu da kike gani kamar wasa tana da gurbinta, can sama ta gefen waje. In aka sauko aka soki babbar jijiyar da ta bi ta wurin zuwa ƙafa, yaro na iya tashi yana jan ƙafa. Allurar naƙuda da wasu ke yi wa mace don "a taimaka mata ta yi sauri" tana iya fasa mahaifa idan ba a san lokacinta da ma'auninta ba. Mai kemis bai koya mata wannan ba, don shi ma wataƙila ba wanda ya koya masa. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

'Yan ƙasar Zuru ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haƙuri. A al'adar golmo ta Dakarkari, saurayi kan shekara bakwai yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, idon dattawa na kansa, ana duba ƙwazonsa da halinsa. Idan an yi wa mai neman aure haka, ina ga wadda za a danƙa wa ran mutum?

Doguwar Hanya

Hanyar gaskiya tana farawa ne tun daga ajinki na yanzu. Ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Daga nan sai kwalejin koyon jinya, irin ta Birnin Kebbi ko ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko kuma jami'a, inda digirin jinya ke cin shekara biyar, a ƙara da shekara guda ta aikin gwaji a asibiti ƙarƙashin manya.

Watannin farko na aji ne da ɗakin gwaji. A nan za ki yi ta juya mutum-mutumin roba, ki yi masa wanka, ki gyara masa gado, ki soka masa allura, shi kuwa ba ya kuka. Sai wadda ta ci jarrabawar wannan zango ake bari ta shiga wajen marasa lafiya na gaske. Ranar kuwa ƙafafu na rawa!

Kada ki ɗauka da shigarki za a miƙo miki sirinji. Ina! Awon zafin jiki, ƙirga bugun jini da numfashi, gyaran gado da mara lafiya a kansa, kai fo da ɗauko shi, juya tsohuwar da ta daɗe a kwance don kada bayanta ya yi gyambo. Wasu 'yammatan a nan suke karaya, su ce su ba wannan suka zo yi ba. Amma a nan ne ido ke buɗewa. Wadda ta auna mutum ɗari ita ke gane cewa numfashin wannan ya sauya tun kafin 'yan uwansa su lura.

Kowace ɗaliba tana da littafin da aka jera ayyukan da dole ta iya. Tsarin kuwa hawa-hawa ne: ki ga an yi, ki taya a yi, ki yi da kanki babbar Sista na tsaye a kanki, sannan in ta gamsu ta sa hannu. In ba ta gamsu ba, gobe ki sake. Na san za ki ji ana cewa Sistocin nan sun cika faɗa, kuma gaskiya akwai masu wuce gona da iri, masu disga ɗaliba a gaban jama'a, abin da ba koyarwa ba ne. Amma ni a ganina, Sistar da ya kamata ki ji tsoro ita ce mai sa miki hannu ba tare da ta duba ba. Waccan mai tsare ki da "Sake karanta sunan maganin, na wane ne, nawa aka rubuta?" ita ce uwar ɗakinki ta gaskiya, ko da kin koma ɗaki kin yi kuka.

A ɗakin haihuwa abin ya fi tsanani. Mace mai jijjiga ana ba ta wani magani mai suna maganiziyom salfet, wanda ke ceton rai, amma dole mai ba da shi ta riƙa duba numfashi, da yawan fitsari, da harbawar gwiwa, domin in ya yi yawa a jiki shi ma haɗari ne. Haka zubar jini bayan haihuwa. Idan jinin ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, an shiga haɗari, amma ido kan raina shi idan ya jiƙe a zane. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano na cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa masu haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, aka kuma horar da ungozomomi su haɗa matakan magani gaba ɗaya ba tare da jira ba. Munanan sakamakon zubar jinin suka ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ki lura, ba wata na'ura mai tsada ba ce ta yi aikin.

Har Masu Digirin Dakta

Wataƙila ki ce wannan sa ido na 'yan farko ne. A'a. A Amurka akwai manyan nas-nas da ke duba mara lafiya, su gano cutarsa, su rubuta masa magani, a jihohi da dama ma ba tare da likita a kansu ba. Wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, su suka fara wannan tsari a Jami'ar Kolorado a 1965, kuma dalilinsu irin namu ne: yaran karkara ba su da likita a kusa. Daga 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar ta nemi a ɗaga wannan karatu zuwa digirin dakta na aikin jinya, inda ake bukatar aƙalla awa 1,000 na aiki a ƙarƙashin kulawa bayan digirin farko. Wato mace mai shekaru a bakin aiki, wataƙila da 'ya'yanta, za ta duba mara lafiya, ta fito ta zayyana wa mai kula da ita abin da ta gani da abin da take shirin yi, shi kuma ya ce mata "koma ki sake tambayarsa." A Ingila ma ɗalibar ungozoma sai ta karɓi haihuwa 40 ana kallonta.

Mu a nan digirin dakta na jinya ya fi karkata ga bincike da koyarwa. Ƙwarewar hannu kuwa ana samunta ne a kwasa-kwasan da ake yi bayan an zama nas: aikin ƙashi a Asibitin Dala na Kano, aikin ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, aikin sa barci a ɗakin tiyata, da sauransu. Ko'ina kika je, littafin sa hannun nan na biye da ke.

Maganar Gida

Sauran abu biyu da na san suna ranki. Na farko Baba. Bayan abin da ya faru da ɗaliban Birnin Yawuri a 2021 da 'yammatan Maga a 2025, ba wanda zai ga laifin uban da ya ji tsoron tura 'yarsa makarantar kwana. Kada ki yi masa gardama. Ki nemi Gwaggo ko Kawu da yake jin maganarsu, a je a ga makarantar da ɗakin kwanan ɗalibai da ido. In kuma ana cewa aikin bai dace da 'ya mace ba, a tuna masa da Rufaida Al-Aslamiyya, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har Sa'adu ɗan Mu'azu aka kai wajenta bayan yaƙin Handaƙ.

Na biyu shi ne mutumin naki. Ki gaya masa tun yanzu cewa akwai aikin dare, akwai ranar Sallah ko Kirsimeti da za ta same ki a asibiti, akwai kuma maza a cikin marasa lafiya. Wanda ya ɓata fuska tun a zance, ba bayan an ɗaura zai saki ba. Wanda kuwa ya ce zai riƙa kai ki a babur ya ɗauko ki da safe, to a sa shi ya maimaita a gaban waliyyai.

Kafin a biya ko sisi a kowace makaranta, ki sa yayanki ya duba ko sunanta na cikin jerin waɗanda Hukumar Jinya da Ungozoma ta amince da su, domin hukumar na wallafa jerin a shafinta na intanet. Sannan ki tambayi ɗaliban da ke ciki, ba masu sayar da fom ba: a wane asibiti kuke aikin koyo, kuma wa ke tsayawa a kanku idan kuna yi?