Gigin Tsufa: Cutar Da Ake Shukawa Tun Ana Ɗan Shekara Arba'in

A Burumburum, ko Yaryasa, ko Kofa a Kano ta Kudu, da wuya a rasa gidan da ake cewa tsohon nan ya ruɗe. Dattijo ne da ya shekara hamsin yana bin hanya ɗaya zuwa gona, yau ya fita masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa. Ko gyatumar da aka ba tuwo ta cinye, kafin a ɗauke kwano tana rantsuwa tun jiya ba a ba ta komai ba. Jikoki su yi dariya, surukai su ji haushi, maƙwabta su ce jifa ne. Wani lokaci ma, idan tsohuwa ta fara fita cikin dare tana surutai, sai a laƙa mata maita.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba tsufa kawai ba, kuma akwai 'yan shekara casa'in masu yawa da hankalinsu ke nan garau. Tun a 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana yadda ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa ta lalace, kuma nau'in cutar da ke ɗauke da sunansa shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ita. Nau'i na biyu a yawa yana zuwa ne idan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun toshe ko sun fashe, kamar yadda ake gani bayan shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Nahiyar Asiya ce ta fi ɗaukar nauyin. Binciken da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta mutum miliyan 15 a Sin, wani na 2023 kuma ya ce miliyan 8.8 a Indiya. Babban dalili shi ne mutane sun ƙara tsawon rai, ga kuma hawan jini da ciwon suga da taba da suka biyo canjin abinci da zaman birni.

Hanyar nan Najeriya ta kama. Nazarin da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka ya sami kusan kashi 2 cikin 100 a tsofaffin Yarbawa, alhali a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka ya haura kashi 8. A Zariya, maƙwabciyar Kano ta Kudu, binciken likitoci da aka wallafa a 2011 ya sami kusan kashi 3. Adadin kamar kaɗan ne, amma wani ƙiyasi na 2019 ya nuna masu cutar a ƙasar sun tashi daga kimanin 64,000 a 1995 zuwa 318,000 a 2015.

Abin da ya fi shafar manomin Kiru da ɗan kasuwar Tudun Wada shi ne rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024. Ya lissafa abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, kuma da dama daga cikinsu suna nan a tsakar gida.

Hawan jini na cikinsu, kuma shi ne ya fi ɓoyuwa. Magidanci ɗan shekara 45 yana iya yawo da shi shekaru goma ba ciwon kai ba jiri, alhali yana cinye ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa kamar yadda gara ke cin azara. Awon da ya kai 140 bisa 90 a lokuta dabam-dabam yana buƙatar magani, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi. Don kiyaye shi, gishirin da ya dace wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya. Ciwon suga da ƙiba da yawan kitse a jini duk tafiyarsu ɗaya da hawan jini.

Sai kunne da ido. Mai injin niƙa ko injin casar shinkafa da ya shekara ashirin cikin ƙara ba tare da toshe kunne ba yakan tsufa da kurumta. Wanda ba ya ji yakan janye daga majalisa, wanda yanar ido ta rufe wa gani yakan daina zuwa kasuwa da ɗaurin aure, kaɗaici kuma yana dushe ƙwaƙwalwa. Cire yanar ido ƙaramin aiki ne da ake yi a asibitocin Kano.

Buguwar kai ma tana cikin lissafin. Duk mai bin titin Kwanar Dangora zuwa Falgore ya san yadda samari ke gudu da babur ba hular kwano. Akwai kuma taba, da giya, da gurɓatacciyar iska, abin da ya kamata ya tuna wa magidanta hayaƙin itacen da mata ke shaƙa a rufaffen madafi safe da yamma. Rashin karatu tun yarinta shi ma yana ciki, domin ƙwaƙwalwar da aka horar da wuri ta fi jure lalacewa.

Iyali su bambance mantuwar kowa da kowa da ta cuta. Manta inda aka ajiye carbi ba komai ba ne. Maimaita tambaya ɗaya sau biyar, rikicewar lissafin kuɗi ga tsohon ɗan kasuwa, ɓata a unguwa, da zargin mutanen gida da sata, su ne alamun da ke cewa a je asibiti. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu, a gaggauta, domin zazzaɓi ko ciwon fitsari ko faɗuwar suga na iya jawo ta, kuma sau da yawa tana warkewa.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, amma akwai masu rage alamunta. Babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. A gida kuma kada a yi musu da shi, kada a ɗaure shi ko a kulle. A kau da ashana da maganin feshi, a rufe rijiya, a sa takarda mai lambar wayar ɗansa a aljihunsa, 'yan'uwa kuma su riƙa karɓar mai jinya don ta samu ta runtsa.