Dashen Ɓargo da Cutar Sikila: Aikin Ƙwayoyin Asali da Hukuncinsu a Shari'a

Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, a jini take farawa, amma ɓarnarta a jijiyoyi take. Jan ƙwayar jini ta mai lafiya taushi gare ta, tana ratsa siraran jijiyoyi ba wuya, kuma takan rayu kimanin kwana 120. Ta mai sikila kuwa takan ƙage ta lanƙwashe kamar lauje, ta manne da bangon jijiya ta toshe hanya, sannan ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga wannan toshewa ne ciwon ƙashin da ke tsananta lokacin hunturu yake tasowa. Idan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne suka ƙuntace, sai yaro ya sami shanyewar ɓarin jiki, abin da kan faru ga kusan ɗaya cikin goma na masu cutar kafin su cika shekara 20 matuƙar ba a yi rigakafi ba. A Nijeriya ana ƙiyasta haihuwar jarirai 150,000 da cutar kowace shekara.

Dukkan ƙwayoyin jini daga ɓargo suke fitowa, daga wasu ƙwayoyin halitta da ake kira ƙwayoyin asali, waɗanda ke sabunta kansu su kuma haifar da wasu. Idan aka kawar da ɓargon majinyaci da magunguna masu ƙarfi, aka zuba masa na mai lafiya ta jijiya, sabon ɓargon zai soma yin jinin da ba ya lanƙwashewa. Wato tushen ake canzawa, ba jijiyar ake ɗinkewa ba. Shi ya sa dashen kan tsayar da ɓarna, amma ba ya raya sashen ƙwaƙwalwar da ya riga ya mutu. A 1984 aka fara ba da rahoton warkewar sikila ta wannan hanya a Amurka. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko a 2011, na Jami'ar Legas kuma ya soma a 2024.

Ta fuskar hukunci, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 17 a Makka cikin shekarar 2003, ta halatta magani da bincike da ƙwayoyin asali idan tushensu halal ne: daga baligi da yardarsa, daga yaro da izinin waliyyinsa saboda maslaha kuma ba tare da cutarwa ba, daga cibiya da mabiya da izinin iyaye. Ta haramta su idan daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin shari'a ba aka samo su.

Inda mas'alar ke da nauyi shi ne batun yaro. Mafi dacewar mai bayarwa shi ne shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma damar dacewar kowane shaƙiƙi ɗaya ce cikin huɗu. Sau da yawa shi ma ƙaramin yaro ne. Uba a nan waliyyin ɓangare biyu ne, alhali fuƙaha'u sun ɗaure tasarrufin waliyyi da maslahar wanda yake jiɓinta. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne ɓargon da aka zuƙo daga ƙashin ƙugu kan mayar da kansa cikin 'yan makonni, ba kamar ƙoda ba. Shi kuwa mai karɓa, ko da yake fiye da 90 cikin 100 na yaran da suka dace da shaƙiƙi kan warke, wasu kan mutu, kuma magungunan share ɓargo na iya hana haihuwa. A ganina, izinin da uba ya bayar ba a faɗa masa wannan ba, izini ne mai naƙasa, domin kiyaye zuriya na cikin maƙasudan shari'a kamar kiyaye rai.

Ga iyali a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, waɗanda isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ma kan yi wuya saboda matsalar tsaro, dashe na miliyoyin naira abu ne mai nisa. Wannan giɓin ne masu tallar garin magani da ƙwayoyi da sunan ƙwayoyin asali suke cikewa. Abin da aka haɗiya narkewa yake yi a ciki, ba ya zama ɓargo, kuma sayar da shi da alkawarin waraka ha'inci ne. Hatta allurar ƙwayoyin asali don tsiro da sababbin jijiyoyi a ƙafar da jini ya daina isa gare ta, har yanzu a matakin gwaji take.

Abin da ya fi kusa da hannu biyu ne. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ya nuna cewa auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sannan a ba yaran da ke cikin haɗari maganin haidroksiyuriya, yana rage shanyewar jiki. Na biyu yana hannun limaman da ke ɗaura aure: idan AS ya auri AS, kowane ciki na da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024.