Birjiniya ta Yamma: jahar da gawayinta ya arzuta Amurka, ita kuma ta kwana cikin talauci

A shekarar 1950 gundumar McDowell, a kudancin jahar Birjiniya ta Yamma ta ƙasar Amurka, tana da mutane kusan 100,000, kuma tana sahun gaba wajen fitar da gawayin ƙasa. Da aka yi ƙidaya a 2020, mutane 19,000 da ƴan kai aka tarar, gundumar kuma na cikin mafiya talauci a ƙasar. Gawayin bai ƙare ba, har yau ana haƙo shi. Abin da ya sami McDowell shi ne tarihin jahar a taƙaice: arziki ya fito daga ƙarƙashin ƙafafun mutane, amma ribarsa ta tafi wani wuri.

Gawayin ƙasa, wanda wasu ke kira kwal, baƙin dutse ne mai cin wuta, irin wanda kamfanin Sonichar ke haƙowa a Anu Araren cikin jahar Agadez. Da shi Amurka ta narka ƙarfe, ta tuƙa jiragen ƙasa da na ruwa, ta samar da wutar lantarki fiye da shekaru ɗari.

Yadda aka kafa jahar

Birjiniya ta Yamma na cikin duwatsun Apalash, kusan ko'ina tudu ne da kwari da daji, shi ya sa ake yi mata laƙabi da jahar duwatsu. A da wani yanki ce na jahar Birjiniya. Masu mulki a gabas manyan manoma ne masu bayi, mutanen duwatsu kuwa ƙananan manoma ne da suka daɗe suna kukan ana danne su wajen haraji da kujerun majalisa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, Birjiniya ta bi ƴan awaren kudu, gundumomin yamma suka ƙi. Ranar 20 ga Yuni 1863 suka zama jaha mai zaman kanta, ta 35 a tarayyar Amurka. Babban birninta a yau shi ne Charleston.

Yadda ƙasa ta fita daga hannun masu ita

An san da gawayi a yankin tun 1742, sai dai babu hanyar fitar da shi daga cikin duwatsu. Jirgin ƙasa ne ya canza komai. A 1873 layin dogo na kamfanin Chesapeake and Ohio ya ratsa jahar, a 1883 kuma na Norfolk and Western ya isa yankin gawayi na Pocahontas. Tare da layin dogo dillalan masu jari suka shigo daga manyan birane kamar Philadelphia da New York. Wani wuri suka sayi fili ɗungum, wani wuri suka sayi abin da ke ƙarƙashin ƙasa kawai, suka bar wa manomi samanta. Manoma da yawa sun sayar da araha don ba su san darajar abin da suke takawa ba. Bayan kusan shekaru ɗari, a 1974, binciken wata jarida ta garin Huntington ya nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na filayen da ba na gwamnati ba suna hannun kamfanoni da attajiran da ba a jahar suke zaune ba.

Da yake ramukan suna cikin kwarurrukan da babu gari, kamfanoni suka gina garuruwansu. Gida na kamfani ne, kanti nasa ne, likita ma shi ke ɗaukarsa. A wurare da dama ana biyan lebura da wasu ƙwandaloli na kamfani waɗanda kantinsa kawai ke karɓa. Ana biya gwargwadon nauyin gawayin da mutum ya loda, mai awon kuma yaron kamfani ne. Wanda ya shiga ƙungiyar ƙwadago, a kore shi daga aiki, a fitar da kayansa waje. Ma'aikatan sun haɗa da ƴan asalin duwatsun, da baƙaƙen fata daga kudancin Amurka, da baƙi daga Italiya, Hangari da Polan.

Aikin kuma na sayar da rai ne. Ranar 6 ga Disamba 1907 ramukan Monongah suka fashe, hukuma ta ƙirga gawa 362. Har yau babu haɗarin ma'adinai da ya kai shi muni a tarihin Amurka.

Yaƙin ma'aikata da kamfanoni

Daga 1912 zuwa 1921 gardamar kafa ƙungiyar ƙwadago ta koma ta bindiga. Kamfanoni suka yi hayar ƴan banga na wani kamfanin tsaro mai suna Baldwin-Felts. Ranar 19 ga Mayu 1920 ƴan bangar suka je garin Matewan korar iyalan ma'aikata daga gidaje. Shugaban ƴan sandan garin, Sid Hatfield, ya tare su, aka buɗe wuta, mutum goma suka mutu, ciki har da magajin gari. A watan Agustan 1921 aka harbe Hatfield a ƙofar kotu a garin Welch.

Kisan ya harzuƙa ma'aikata. A ƙarshen watan, kimanin 10,000 suka ɗauki makamai suka nufi gundumar Logan, inda dakarun shugaban tsaron gundumar, Don Chafin, suka tare su a dutsen Blair. An yi kwanaki ana ɓarin wuta, har ƙananan jiragen sama suka jefa wa ma'aikata bama-bamai. Da shugaba Warren Harding ya aiko da sojojin tarayya, ma'aikatan suka ajiye makamai. Ƙungiyar ta karye, ba ta farfaɗo ba sai a 1933, lokacin da gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa dokar da ta ba ma'aikata ƴancin haɗa kai.

Inji ya maye gurbin mutum

A shekarun 1940 masu haƙar gawayi a jahar sun haura 100,000, albashi ya yi kyau, a 1950 yawan jama'a ya kai miliyon biyu. Daga nan injina masu yankan gawayi suka shigo, aikin da mutum goma ke yi ya koma na mutum biyu ko uku. Dubban iyalai suka yi ƙaura zuwa biranen masana'antu na arewa. Talaucin da John Kennedy ya gani a wurin lokacin yaƙin neman zaɓe na 1960 ya girgiza shi. A 1961, bayan ya hau mulki, a McDowell aka fara raba takardun tallafin abinci na sabon shirin gwamnatinsa.

Manyan dokokin kare ma'aikata ma sai da aka yi asarar rayuka kafin a same su. A 1968 mutum 78 suka mutu a ramin Farmington. A 1969 ma'aikata kusan 40,000 suka yi yajin aiki kan ciwon baƙin huhu, wanda ƙurar gawayi ke haddasawa, a shekarar kuma majalisar tarayya ta kafa dokar lafiya da tsaron masu haƙar gawayi. A 1972 madatsar dagwalon wani kamfani ta ɓalle a kwarin Buffalo Creek, mutum 125 suka rasu, kimanin 4,000 suka rasa matsuguni. Ko a 2010 mutum 29 sun mutu a ramin Upper Big Branch, shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya yi zaman kaso na shekara ɗaya.

Ina kuɗin suka tafi?

Tunda masu filayen a waje suke, ribar ma waje ta nufa. Hanyar da ta rage wa jahar ita ce haraji. A 1953 gwamna William Marland ya nemi a sa haraji kan kowane ton da aka haƙo, don gina makarantu da hanyoyi, majalisar jahar ta yi watsi da buƙatar. An kafa irin wannan haraji daga baya, amma bayan an riga an kwashe gawayi mafi kyau da mafi sauƙin haƙa. Jahar Wyoming, wadda ke gaban Birjiniya ta Yamma wajen fitar da gawayi, tun shekarun 1970 ta buɗe asusun dindindin da take zuba wani kaso na harajin ma'adinai, yanzu yana ɗauke da biliyoyin daloli.

Fitar da gawayi a Birjiniya ta Yamma ya kai ƙololuwa a 1997, wajen ton miliyon 180. Daga baya iskar gas mai araha ta ƙwace masa kasuwa, tashoshin lantarki da dama suka daina amfani da shi. Masu aikin haƙa a yau ba su kai 20,000 ba, jama'ar jahar kuma sun ragu zuwa kimanin miliyon 1.8. Shekaru da dama ita ce kan gaba a Amurka wajen mace-macen shan miyagun ƙwayoyi. Duk da haka mafi yawan wutar lantarkinta daga gawayi take fitowa, kuma albashin rami na cikin mafi tsoka a yankin. Shi ya sa jahar da ta daɗe tana zaɓen jam'iyyar Dimokrat ta ba Donald Trump, wanda ya yi alƙawarin farfaɗo da gawayi, kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙuri'unta.

Wata dabarar haƙa ta zamani ita ce a fasa ƙwanƙolin dutse da nakiya, a zuba ɓaraguzan cikin kwari, a kwashi gawayin da ƴan ma'aikata kaɗan. Dutsen Blair kansa ya kusa faɗawa cikin wannan hali. A 2009 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, aka cire shi a shekarar bayan ƙorafin da aka shigar da sunan masu filaye. Masu kare muhalli da masu kishin tarihi suka kai ƙara kotu, ƙungiyar ƙwadago ta mara musu baya, a 2018 aka mayar da shi.