Zamanin farfaɗowar Turai: Daga ina ilmin ya fito?

A fadar Paparoma da ke Vatican akwai wani zane a jikin bango, wanda shahararren mai zanen nan Raphael ya kammala a shekarar 1511. Zanen ya tara manyan masanan Girka na dā, irin su Aflatun da Aristotle. A ɓangaren hagu kuwa akwai wani mutum mai rawani yana leƙa littafin da ke hannun wani masani. Masana tarihin zane sun ce Ibn Rushd ne, alƙalin birnin Ƙurɗuba a Andalus.

Wannan zane yana cikin fitattun ayyukan zamanin da Turawa ke kira Renaissance, kalmar Faransanci mai ma'anar sake haihuwa. Zamani ne da ya faro a Italiya a ƙarni na 14, ya kai har farkon ƙarni na 17, wanda a cikinsa zane da kimiyya da tafiye-tafiyen teku da wasan kwaikwayo suka bunƙasa a Turai.

An daɗe ana koyar da cewa Turawa ne suka farka daga barci, suka koma kai tsaye ga ilmin Girka da Roma. Sai dai kuma masana tarihi da dama a yau suna ganin cewa labarin bai cika ba, in ba a ambaci hannuwan da ilmin ya ratsa kafin ya isa Italiya ba.

Daga Larabci zuwa Latin

Bayan da birnin Toledo ya fita daga hannun Musulmi a 1085, ya zama cibiyar fassara littattafan Larabci zuwa Latin. A nan ne Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara littafin Alƙanun na Ibn Sina, wanda jami'o'in Turai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna karantar da likitanci da shi.

Haka kuma Leonardo Fibonacci, ɗan wani jami'in kasuwanci daga Pisa, ya koyi lissafi a garin Bijaya da ke ƙasar Aljeriya ta yanzu. Littafinsa na 1202 ya taimaka wajen yaɗa alƙaluman Indiya da Larabawa a tsakanin fataken Italiya, waɗanda a dā suke fama da alƙaluman Romawa masu wuyar sha'ani.

Ita ma takarda daga Sin ta taso, ta bi ta Samarƙand da Bagadaza da Andalus, kafin a fara yin ta a garin Fabriano na Italiya a ƙarni na 13.

Dukiya da injin ɗab'i

Abin da Italiya ta ƙara a kan wannan gado shi ne dukiya da gasa. A birnin Florence, iyalan gidan Medici, waɗanda suka kafa bankinsu a 1397, sun riƙa ɗaukar nauyin masu zane da magina da masu neman tsofaffin littattafai. A wannan birni ne Filippo Brunelleschi ya kammala ƙubbar babbar majami'a a 1436, wadda har yanzu take tsaye.

Masu zanen Florence sun ƙware a dabarar fito da zurfi a kan bango, ta yadda abin da ke kusa zai yi girma, na nesa kuma ya ƙanƙance. Ɗaya daga cikinsu, Lorenzo Ghiberti, ya ɗauko bayanai masu yawa a rubuce-rubucensa daga littafin Almanazir na Ibn al-Haisam, wanda ya yi bayanin yadda ido ke gani.

A 1453 Sarkin Daular Usmaniyya Muhammad na Biyu ya ci birnin Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, abin da ya ƙara yawan malaman Girka da ke ƙaura zuwa Italiya da littattafansu. Amma hulɗa ba ta yanke ba, domin a 1479 hukumomin Venice sun aika mai zane Gentile Bellini zuwa fadar sarkin, inda ya zana hotonsa.

Babban sauyi ya zo ne daga Jamus. A wajejen 1455 Johannes Gutenberg ya buga Littafin Baibul a birnin Mainz da injin ɗab'i mai haruffan ƙarfe. Kafin shekarar 1500 an kafa maɗaba'u a garuruwa fiye da 200 a Turai. Littafin da a dā magatakarda zai yi watanni yana kwafa, sai ga shi ana fitar da ɗaruruwansa a lokaci guda.

A Istanbul kuwa, sai a 1727 aka bai wa Ibrahim Muteferrika izinin buɗe maɗaba'ar farko ta Musulmi mai haruffan Larabci. Masana na ci gaba da muhawara a kan dalilan wannan jinkiri, da kuma irin tasirin da ya yi.

Sararin sama da teku

A 1543 aka buga littafin Nicolaus Copernicus, wanda ya ce duniya ce ke kewaya rana. Masu bincike sun gano cewa wasu dabarun lissafinsa sun yi daidai da na Nasiruddin al-Ɗusi da na Ibn al-Shaɗir na Dimashƙa, waɗanda suka riga shi da ƙarnoni. A 1610 Galileo ya wallafa abin da ya gani da madubin hangen nesa, kuma a 1633 kotun cocin Katolika ta tilasta masa janye ra'ayinsa.

A teku ma, neman zinariyar Afirka ta Yamma da kayan yajin Indiya ne ya tura Fotugal bin gaɓar Afirka, don kauce wa fataken Musulmi da na Venice da ke riƙe da hanyoyin ciniki. Sun gina sansanin Elmina a ƙasar Ghana ta yanzu a 1482, kuma a 1498 Vasco da Gama ya isa Indiya da taimakon wani jagoran jirgi da ya ɗauka a Malindi.

Shekarar 1492 da Columbus ya tsallaka tekun Atlantika ita ce shekarar da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi. Wannan zamani ne kuma ya buɗe ƙofar cinikin bayi ta teku, domin tun a 1444 aka sauke mutane fiye da 200 da aka kamo daga gaɓar Afirka a garin Lagos na ƙasar Fotugal.

Dandalin Landan

Farfaɗowar ta isa Ingila a makare, kuma a can ta fi bayyana a fagen wasan kwaikwayo. A 1576 James Burbage ya gina gidan wasa a bayan garin Landan, sannan a 1599 aka buɗe gidan Globe, inda William Shakespeare yake da hannun jari. Da peni ɗaya talaka zai shiga ya kalli wasa a tsaye, masu hali kuma su ƙara kuɗi su zauna. Mata ba sa hawa dandali, yara maza ne ke fitowa a matsayinsu.

A lokacin, Ingila tana neman ƙawaye a duniyar Musulmi, bayan da Paparoma ya kori Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya daga cocin Katolika a 1570. Ta yi musayar wasiƙu da Sarki Murad na Uku na Usmaniyya da kuma Ahmad al-Mansur na Maroko, wanda dakarunsa suka rusa daular Songhai a 1591. A shekarar 1600 jakadan Maroko, Abdulwahid bin Mas'ud, ya shafe kimanin watanni shida a Landan.

A wannan shekara ce kuma aka buga fassarar Ingilishi ta littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus. Haifaffen Garnaɗa ne da ya tashi a Fas, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Paparoma Leo na Goma. Littafin nasa, wanda aka fara bugawa a Venice a 1550, ya kawo bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, kuma ya daɗe yana cikin manyan madogarar Turawa game da ƙasar Hausa.

A 1604 aka nuna wasan Othello a fadar Ingila, labarin wani jarumin yaƙi baƙon Afirka da ke yi wa Venice hidima, wanda makirci da kishi suka halaka. Shakespeare ya ɗauko ƙashin labarin ne daga wani marubucin Italiya mai suna Cinthio, amma manazarta da dama na ganin alamun littafin al-Wazzan da ziyarar jakadan Maroko a cikinsa.

Gidan Globe ya ƙone a 1613, kuma majalisar dokoki ta rufe gidajen wasan Landan a 1642. Abin da ya ceci ayyukan Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, shi ne injin ɗab'i. A 1623 abokan aikinsa biyu suka tattara wasanninsa 36 a kundi guda, kuma rabinsu ba a taɓa buga su ba kafin wannan lokaci.