Da Sanyin Safiya Ake Kamun Fara: Motsa Jiki da Sirrin Kuzari

Kowane malami ya san wannan hali: tun ba a yi nisa da darasin farko ba, wasu ɗalibai sun fara hamma, wasu gyangyaɗi. Idan aka tambaye su dalili, sai su ce gajiya. A zaton mutane da yawa, ƙarfin jiki tamkar hatsi yake a rumbu, abin da aka ɗiba ya ragu ke nan, don haka maganin gajiya shi ne zama wuri ɗaya. Amma binciken kimiyya ya nuna cewa jiki ya fi kama da rijiya: ana jan ruwanta, tana ƙara ɓuɓɓugowa.

Sirrin yana cikin tsoka. A cikin ƙwayoyin halittar tsoka akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa da ake kira maitokondiriya. Su ne murhun jiki, inda ake ƙona sukari da kitse da taimakon iskar oksijin domin samar da ƙarfi. A shekarar 1967, wani masani a Amurka, John Holloszy, ya riƙa sa ɓeraye gudu a kai a kai na tsawon makonni. Da ya binciki tsokarsu, sai ya tarar ƙarfin aikin waɗannan murahu ya kusan ninkawa biyu. Haka abin yake ga ɗan Adam. Bugu da ƙari, zuciyar da ta saba da aiki takan tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini kuma su yawaita a tsoka. Sai aikin da a da yake sa haki ya zama ba komai ba.

Ba kuma sai an wahalar da kai ba. A shekarar 2008, masana a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun gwada matasa 36 masu kukan yawan gajiya. Waɗanda suka yi motsa jiki mai sauƙi na minti 20, sau uku a mako, har mako shida, gajiyarsu ta ragu da kashi 65 cikin 100.

To, me ya sa aka fifita safiya? A ƙwaƙwalwa akwai agogon da ke tsara lokacin barci da na farkawa, kuma haske ne ke daidaita shi. Hasken safiya yana dakatar da sinadarin melatonin mai jawo barci, ya kuma taimaka barcin dare ya zo a kan kari. Daɗin daɗawa, a ƙasa mai zafi sanyin safiya yana rage zufa da galabaita.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce masu shekara 5 zuwa 17 su sami minti 60 na motsa jiki kowace rana, manya kuma aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri zuwa makaranta, tuƙa keke, tsallen igiya da ƙwallo duk suna cikin lissafi.

Sai dai a kula da abu biyu. Motsa jiki ba ya maye gurbin barci, kuma gajiyar da ta ƙi wucewa tana iya zama alamar ƙarancin jini ko wata cuta, wadda sai an ga likita. Malamai kuma su tuna, ɗalibin da bai san motsa jiki ba sai a tsallen kwaɗo na horo, da wuya ya so shi idan ya girma.