Labarin Bindigar Ferguson, Wadda Aka Ƙera wa Soja Ɗari Tak

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar toka ya san wahalarta: a zuba albarushi ta baki, a bi da harsashi, a danna da sanda, mutum kuwa yana tsaye ƙiƙam. Haka sojan Ingila suke yi a zamanin Sarki Joji na Uku, gwani a cikinsu shi ne mai harbi uku a minti ɗaya.

Ana nan sai wani hafsansu, Patrick Ferguson, mutumin Sikotilan, ya ɗauki dabarar wani Bafaranshe, La Chaumette, ya gyara ta. Ya huda gindin bututun daga sama har ƙasa, ya toshe da ƙusa mai murɗi wadda ke haɗe da ƙarfen da ya kewaye kunama. In an juya ƙarfen sau ɗaya sai ƙusa ta sauka, kafa ta buɗe, a jefa harsashi, a zuba albarushi, a juya ta koma. Ba sanda, ba tsayuwa. A shekarar 1776 ya gwada ta gaban manyan soja a Woolwich, ana ruwa ana iska, ya harba shida a minti ɗaya, har a kwance ya ɗura ta. Aka yi mamaki ƙwarai, aka ba da umarni a ƙera ɗari.

Lokacin nan mutanen Amurka suna yaƙin fita daga mulkin Ingila, sai aka tura shi can da 'yar rundunarsa. A fagen Brandywine, 1777, harsashi ya farfasa masa gwiwar hannun dama. Yana jinya aka raba mutanensa cikin wasu rundunoni. A 1780 ajali ya riske shi a yaƙin Kings Mountain, bindigar ta zama marainiya.

To, amma ba rashin uban gida kaɗai ya kashe ta ba, fatake za su fi kowa gane sauran dalili. Kuɗinta ya ninka na tsohuwar, maƙera ba sa gama ta da wuri, itacenta kuma yakan karye daidai inda aka fafe don ƙusar. Mai sayen bindiga dubu-dubu, araha da ƙarko yake dubawa kafin gwaninta, ba kuwa za a ga laifinsa ba.

Sojan Ingila ba su koma ga ɗura ta gindi gaba ɗaya ba sai 1866, da bindigar Snider, bayan shekara 90.