Yola Da Jimeta: Ina Ne Gari, Ina Ne Bariki?

Da wuya ɗan Arewa ya shekara uku a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya koma gida ganin dangi, bai sami wanda ya ce masa, "Wane, ai ka zama ɗan bariki" ba. Wani ya ɗauke ta wasa ya yi dariya. Wani kuwa maganar ta tsaya masa a rai har ya komo bakin sana'arsa. Dalili shi ne kalmar nan baki biyu gare ta, tana yabo tana suka, kuma sau da yawa mai faɗinta ma bai tantance wanne yake nufi ba.

Asalinta dai Turanci ce, watau "barracks". A bakin Bature ma'anarta ba ta da faɗi: gidajen da gwamnati ta gina don sojoji su zauna wuri ɗaya, shi ke nan. Su ma Ingilishi aro suka yi daga mutanen Faransa, inda kalmar take nufin bukka ko rumfar katako. Tana da 'yan'uwa a Turanci, kowace da inda ake sa ta. "Camp" shi ne sansanin da ake kafawa yau a tashe shi gobe. "Garrison" ita ce rundunar da aka girke don tsaron wani gari. "Quarters", wadda Hausa ta mayar kwatas, gidajen ma'aikata ne, ko soja ko farar hula. "Cantonment" kuwa babban mazauni ne na dindindin, da gidajen hafsoshi da na iyali, da makaranta da asibiti da kasuwa. Da wannan ta ƙarshe hukuma take kiran mazaunin sojan Yola, wanda aka sa wa sunan Janar Gibson Jalo, ɗan jihar da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1980 zuwa 1981. Amma wanda ya sauka Jimeta yana neman wurin, in ya ce bariki ya gama magana.

Ta hannun soja kalmar ta shigo Hausa, kuma mazauna Ikko suna da rabo a tarihin. A 1863 ne wani Bature mai suna Glover ya tara waɗansu Hausawa a Ikko ya yi ƙaramar runduna da su, wadda ake lissafawa a matsayin tushen sojan Nijeriya. Har yau Barikin Dodan yana nan a Obalende, inda shugabannin soja suka yi mulkin ƙasar nan kafin a koma Abuja a 1991. Da Turawa suka ci Arewa sai kalmar ta tsallake katangar soja. Gidan saukar da aka gina wa Di'o a ƙauye don rangadi ya zama bariki, mai kula da shi kuwa sarkin bariki. Sansanin masu haƙar kuza a ƙasar Jos ya zama bariki, ga Barikin Ladi nan shaida. A Minna ma akwai Barikin Sale. Daga nan sai duk unguwar da Nasara ya zauna, da ofisoshinsa da kantunansa da barorinsa, ta ɗauki sunan.

Ba inda wannan rabuwa ta fito fili kamar Yola. Modibbo Adama ne ya kafa garin a 1841 a kan tudu, nesa kaɗan da bakin kogin Binuwai, ya mai da shi hedkwatar Fombina. A watan Satumba na 1901 sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka zo ta ruwa suka ci garin, Lamiɗo Zubairu ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Turawa ba su tare a cikin garin ba. Sai suka kafa nasu mazaunin wajen Jimeta, kamar mil 5 daga fada, kusa da inda jiragen ruwa suke tsayawa in kogi ya cika da damina. Dama ƙa'idarsu ce a duk Arewa su ware unguwarsu, har sukan bar filin yadi 440 ba gini tsakaninta da gidajen 'yan ƙasa.

To, inda jirgi ya tsaya nan aiki yake. 'Yan dako suka zo, da akawuna daga Kudu, da kuku da boyi, da masinjoji, da 'yan sanda, da tsofaffin soja, da fatake daga Kano da Borno, da Bata da Bachama da sauran kabilun yankin. Aka wayi gari Yola ta zama biyu. A Yola Gari akwai fadar Lamiɗo, da alkalai da malamai, da gidajen da kowa ya san kakan kowa, Fulatanci ne harshen zaure. A Jimeta kuwa Hausa ce ta haɗa mutanen da ba su san juna ba, agogo ne yake kiran mutum aiki, albashi yake ci, hayar ɗaki yake biya.

Daga irin wannan zama ne sauran ma'anonin suka tsiro. Hausar da kurtu da ɗan dako suke yi, wadda ba ruwanta da bambanta namiji da mace, aka ce mata barikanci ko Hausar bariki. Sa'an nan barikanci ya zama sunan hali. In an ce wane ɗan bariki ne, ana iya nufin idonsa a buɗe yake, ya san ofis, ya san takarda, ya iya zama da kowace kabila, ba a yi masa wayo a tasha. Ana kuma iya nufin ba shi da kunya, ba ya riƙe alkawari, ya yar da zumunci. Masu iya magana suka ce bariki lahirar makwaɗaita, watau wanda kwaɗayi ya kai shi can ba ya komowa. A kan mace kuwa kalmar ba ta da baki biyu. In aka ce 'yar bariki ce an gama da ita, ko da kuwa abin da ya kai ta birni aikin asibiti ne ko koyarwa ko sayar da abinci. Wannan rashin adalci ne da harshe ya ɗauko tun zamanin da ake ganin ba abin da zai raba mace da garinsu sai lalacewa.

Abin lura shi ne Hausa tana da waɗansu kalmomin na zaman baƙunci, kuma ba ɗaya suke da bariki ba. Zango ya girme ta nesa ba kusa ba: nan ne madugu yake sauke ayari a hanyar Gwanja, shi ya sa har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara sunansu zango. Sabon Gari a Kano da Zariya unguwa ce da aka ware wa mutanen Kudu, Tudun Wada kuwa ta baƙi 'yan Arewa. A ƙasar Yarbawa sai abin ya juya, Sabo ta zama ta Hausawa, kamar ta Badun da aka kafa a 1916, da ta Shagamu ta masu goro. Ɗan ci-rani shi ne wanda ya fito bayan girbi zai koma da faɗuwar ruwa. Duk waɗannan ba zagi a cikinsu, don kowanne yana da mai ido a kansa. A zango da Sabo akwai Sarkin Hausawa, akwai limami, akwai maigida mai saukar baƙi wanda in yaronsa ya ci amanar wani shi za a kama. Abin da ya sa bariki ta yi baƙin suna shi ne zaton da ake yi cewa can ba mai tsawata wa kowa.

Jimeta kanta ta nuna cewa sunan ba ya dawwama. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, takarda ta ce Yola ce hedkwata, amma gidan gwamnati da sakatariya da filin jirgin sama duk a ɓangaren Jimeta suke, haka kuma abin ya zauna bayan an raba jihar zuwa Adamawa da Taraba a 1991. Yau Jimeta ce Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tsohon gari kuwa yana cikin Yola ta Kudu, gine-gine sun kusa cinye filin da ya raba su. Jikokin 'yan dakon jirgi da na akawuna sun gina gidaje da masallatai da coci-coci, sun binne iyayensu a nan, ba su da wani gari sai shi. A ɗaya gefen kuma boko ya shiga gari har tsakar gida. Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005, tana kan titin da aka sa wa sunan Lamiɗo Zubairu, shi wanda ya ƙi miƙa wuya ga Nasara.

Wannan ya shafi mai karatu kai tsaye, musamman wanda ya haifi 'ya'ya a Agege ko Idi-Araba ko Sabo. Ran da aka zo binciken aure daga gida, kalma ɗaya daga bakin wanda bai taɓa tsallake Kwara ba tana iya rushe maganar yarinyar da ta sauke Alƙur'ani a Ikko, aka yi mata tarbiyya a gaban iyayenta. Ya kamata masu bincike su bar tambayar ko a bariki ta tashi. Su tambayi gidan wa ta fito, wane ne limamin unguwarsu, wa zai tsaya mata. In an sami amsar waɗannan, to a gari ta tashi, ko da kuwa ba ta taɓa ganin ganuwa ba.